Ranar da Muka Mayar wa Popo Kularta

Fita daga unguwarmu, Pleasant Garden

Ranar Asabar, muna idar da sallar asuba, maƙwabciyarmu Anti Rifkatu ta haska mana fitilar motarta daga bakin titi. Ba ta yin hon da asuba, don mutanen unguwarmu ba sa son hayaniya. Na goya jakar makaranta, wadda na zazzage littattafan cikinta na sa kular abinci, na riƙe hannun Kaka muka fito. Sanyin ƙarshen Oktoba ya fara sauka, ciyawar ƙofar gida duk raɓa. Kaka ta ɗora rigar sanyin Abba a kan atamfarta, ta yafa mayafi, ta sa takalmin gudun Mama da safa biyu. Ta ce in na kuskura na ɗauke ta hoto a haka na turo muku, ba ni ba ita.

Ku da kuke Malumfashi kun ji Kaka ta yi ciwon huhu ta kwanta asibiti, kun kuma ji an sallame ta. Abin da Mama ba ta faɗa muku a waya ba shi ne, tun da ta dawo gida ba ta ci abincin kirki ba. Awarwaronta da a da yake tsayawa a wuyan hannu, yanzu in ta ɗaga hannu za ta yi addu'a sai ya zame har gwiwar hannu. Likita ya ce ranar Litinin za a sake ɗora ta a sikeli. In ta ƙara raguwa, za a mayar da ita gado a zura mata robar abinci ta hanci. Kaka ta ce ita da asibitin nan har abada, in an matsa mata a saya mata tikiti ta koma ɗakinta, abin da zai faru ya faru a can.

Mama ta yi iya yinta. Ta yi tuwo da miyar kuka, ta dama kunun gyaɗa, ta yi farfesun kaza. Amma Mama nas ce, aikin dare take yi, da rana tana barci. Abba yana kan hanya da babbar mota, sai ƙarshen mako. Ni ina makaranta. Sai a rufe wa Kaka abinci a ajiye mata a gefen gado, a dawo a tarar da shi yadda aka bar shi. Abu ɗaya na lura da shi: in na zauna kusa da ita ina cin nawa, takan miƙo hannu ta ɗan tsakura. A gida kun san ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba, kullum hannu biyar ko shida a tire ɗaya. Nan kuwa gidaje nesa da juna, ba abin da ake ji da rana sai ƙugin firij. Ban gaya wa kowa ba. Ba a banza Kaka take kirana Malama Shiru ba.

Ita kuma kular, ga yadda ta zo gidanmu. Ina da ƙawa a ajinmu, Joyce, iyayenta mutanen kudancin Sin ne. Na ba ta labarin Kaka, washegari sai ga ta da kula, wai kakarta, wadda suke kira Popo, ta ce a kawo. Kunun shinkafa ne irin nasu, suna ce masa juk, shi suke ba marar lafiya. Kaka ta buɗe, ta sansana, ta tambaye ni me da me aka sa. Ban sani ba, sai ta rufe, muka ba Anti Rifkatu. Amma da hannunta ta wanke kular, ta ce ba za a mayar wa mutane kwanonsu ba komai a ciki ba, kuma ba a aika yarinya ta yi wa babba godiya. Ta sa na ciro dambun naman da ta yi kafin ta kwanta, wanda Mama ta ɓoye a firiza, ta cika kular taf. Na ce mata duk Asabar da sassafe ana samun Popo a wani gidan abinci a cikin gari. Joyce ta sha gaya mini wurin ba ya rabuwa da jama'a, kuma teburi ɗaya ake haɗa mutum da baƙi. Da wannan na dogara.

Anti Rifkatu 'yar Zonkwa ce, a gidan burodi take aiki a tsakiyar gari, shi ya sa take sammako. Ta fito ta buɗe wa Kaka ƙofar gaba, suka gaisa.

"Mama, yau yawon shaƙatawa za a je ke nan?"

"Kwano zan mayar," in ji Kaka. "Shaƙatawa sai ku masu lafiya."

Hanyarmu ba fitilun titi. Muka wuce gidaje da kabewa jere a ƙofa, wata an fafe ta an yi mata ido da baki. A gaban wani gida an rataye ƙwarangwal ɗin roba a bishiya. Kaka ta yi a'uziyya, ta tambaya ko mutanen gidan lafiyarsu ƙalau. Anti Rifkatu ta yi dariya ta ce wasan mutanen ƙasar ne na ƙarshen Oktoba, ai ko fastonsu faɗa yake yi da shi duk shekara. Ta miƙa wa Kaka burodi mai ɗumi daga cikin leda. Kaka ta karɓa da hannu biyu, ta sa albarka, ta riƙe shi har muka shiga gari, sannan ta miƙo mini baya ba tare da ta juyo ba.

Tashar bas

Gari ya fara haske lokacin da Anti Rifkatu ta sauke mu a babbar tasha, wani tsohon gini na jan bulo da jirgin ƙasa ma yake tsayawa. Ta ce mini in wani abu ya faru in kira ta, ko tana tsakiyar kwaɓa fulawa za ta bari.

Muka zauna a benci. Kaka ta duba dama ta duba hagu, ta tambaye ni ina 'yan kamasho, wa zai kira sunan unguwa, wa kuma zai karɓi kuɗi. Na ce lamba ake dubawa a goshin motar. Ta ce to Allah ya sa na iya karatun. Na iya, don kwana uku ina bitar hanyar a waya.

Da bas ɗinmu ya tsaya, direbar, wata baƙar mace mai jiki da farce ja, ta ga Kaka tana neman ɗaga ƙafa. Sai ta danna wani abu, motar ta yi huci ta sunkuyo har ta kusa taɓa daɓen. Ta ce wa Kaka ta hau a hankali, ba wanda yake sauri. Kaka ta tsaya tana kallon matakalar, sannan ta ce, "Ikon Allah. Mota ma ta san babba." Na fassara wa direbar da ƙaramar murya, ba ta ji ba, na bari.

Muka nufi yamma. Muka wuce jami'a, ɗalibai biyu suna gudun motsa jiki da gajeren wando a wannan sanyi. Daga nan shaguna suka fara, allunansu da rubutu kala-kala, har da na Larabci. Kaka ta gane shagon da Abba yake sayen naman halal, ta nuna shi da baki. Ta jingina kai da taga, ina jin numfashinta. A wannan lokacin na fara tunanin ko na yi wauta, na fito da marar lafiya cikin sanyi don wani abu da ni kaɗai na ƙulla a raina. Da na hango shagon taya da Joyce ta kwatanta mini, na ja igiya mai ruwan ɗorawa da ake ja in za a sauka, ƙararrawa ta buga, muka sauka.

A bakin ƙofa

Gidan abincin ƙarami ne, yana tsakanin shagon taya da gidan wanki. Gilashin gabansa duk ya yi gumi, ba a ganin ciki. Mutane sun yi layi har waje, wasu da kulolinsu a hannu. Duk sanda aka buɗe ƙofa sai tururi ya fito da ƙamshin citta da soyayyar fulawa, hayaniya ta biyo baya.

Da muka samu shiga, na ji Kaka ta ɗan miƙe a jikina. Ba wanda yake magana a hankali a wurin nan. Masu kai abinci suna ƙwala wa 'yan kicin kira, cokula suna ƙara a kwanonin tangaran, wani jariri yana kuka, tsofaffi suna gardama daga wannan teburi zuwa wancan. Kaka ta ce, "Yau na ji mutane." Tun zuwanta ƙasar nan ban ji ta faɗi haka ba.

Muna tsaye kusa da kanta, ni kuma na shiga kalle-kallena. Akwai kifi masu rai a akwatin gilashi. Akwai wani abu kamar fanke amma dogo kamar rake, ana yanka shi da almakashi. A bayan kanta wata mata tana ɗiban wani abu ja-ja daga babbar roba tana zubawa a ƙananan faranti. A murfin robar akwai zanen alade yana murmushi. Na kawar da kai, na gode Allah Kaka ba ta gani ba.

Sai ga Joyce tana ɗaga mana hannu daga can ƙurya.

Teburin Popo

Teburin zagaye ne. Ban da Joyce da kakarta, akwai wani dattijo da jarida, da mata da miji masu jaririn nan, kuma ba wanda ya san wani. Popo 'yar ƙarama ce, gashinta fari an yanke shi gajere, da rigar saƙa mai maɓallai. Ta miƙe ta ja wa Kaka kujera da kanta.

Gaisuwar ta ɗauki lokaci, don sai ta bi ta bakina ta bi ta bakin Joyce kafin ta isa. Kaka ta tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da sanyi, da yaran da ba ta taɓa gani ba. Popo ta saurara duka, sannan ta yi tambaya ɗaya. Joyce ta ce wai tana tambaya ko Kaka ta ci abinci, kuma haka suke gaisuwa a wurinsu. Kaka ta ce alhamdu lillahi. Ni na sunkuyar da kai.

Aka kawo butar shayi da wani kwano babba. Popo ta tattara kofuna da cokula, ta ɗauraye su ɗaya bayan ɗaya da shayi mai zafi, ta zubar a kwanon. Kaka ta bi ta da kallo har ta gama, ta gyaɗa kai, ta ce mini ita ma wannan ba ta yarda da wankin wani ba. Na ga alamar ta fara shiga ranta.

Joyce ta riga ta gaya wa mai kawo abinci a kawo mana fari, wanda ba nama. Aka ajiye mana kwano biyu suna tururi. Kunun ya yi laushi har ba a gane ƙwayar shinkafa, an barbaɗa ganyen albasa a sama. Kaka ta ɗauki gajeren cokalin tangaran, ta juya kunun, ta sake juyawa. Ba ta kai baki ba, amma ba ta ajiye cokalin ba. Na fara shan nawa a hankali don ta gani.

Daga nan aka kawo wa Popo nata, tare da ƙaramin faranti. Idon Kaka ya sauka a kan farantin ya tsaya.

"Dambu," ta ce. "Malama Shiru, mutanen nan sun san dambu."

Wallahi ko ku ne za ku rantse dambu ne. Kala ɗaya, laushi ɗaya, zare-zaren nan iri ɗaya. Popo ta ga yadda take kallo, ta ji daɗi, ta turo mata farantin. Kaka ta ajiye cokali ta miƙa yatsu uku. Wata guda ina jiran in ga ta miƙa hannu ga abinci don ranta yana so, sai ga shi ta miƙa ga wannan.

Na kama wuyan hannunta. Awarwaron ya yi ƙara, duk teburin suka juyo. Ban taɓa riƙe hannun babba a kan abinci ba, balle a gaban mai masauki.

"Kaka, na alade ne. Na ga robar da aka ɗebo shi."

Ta janye hannun a hankali. Ko da yake ba ta taɓa ba, sai da ta goge yatsunta da gefen mayafi. Ta ture kwanon kununta gefe. Joyce ta yi wa kakarta bayani da sauri, fuskarta ta yi ja. Popo ta dafe ƙirji tana ta magana.

"Ba ta kwanonta mu tafi," in ji Kaka. Muryarta ta koma irin ta gida, ta kan gado.

Na ciro kular daga jaka, na miƙa wa Popo da hannu biyu kamar yadda Kaka ta koya mini. Na ɗauka za ta ajiye sai ta je gida, amma nauyin ya ba ta mamaki, ta murɗe murfin. Ta leƙa ciki, ta kalli ɗan farantinta, ta sake leƙawa. Dattijon nan ya sauke jaridarsa shi ma ya leƙo. Na ce wa Joyce ta gaya mata na shanu ne, kuma Kaka ce ta yi da hannunta.

Popo ta ɗaga hannu ta kira mai kawo abinci. Ta sa aka ɗauke farantin, aka ɗauke har kwanon kununta da ko taɓawa ba ta yi ba, aka goge gabanta. Sannan ta tsakuri dambun Kaka ta sa a baki. Yajin ya kama ta, ta yi tari, ta kurɓi shayi, idonta ya kawo ruwa. Ta sake tsakura, wannan karon da yawa. Ta tambaya yaya ake yi.

Kun san Kaka, ba a tambayarta girki ta yi shiru. Ta fara a daƙile, wai a dafa naman da albasa da citta har ruwan ya tsotse. Kafin ta kai ga daka ta manta da ni, da hannu take nunawa: ga turmi, ga taɓarya, ga yadda ake juyawa a wuta kaɗan-kaɗan kar ya ƙone. Popo tana gyaɗa kai tana nuna nata, wai haka mahaifiyarta take yi, sai dai su da hannu suke yagawa kuma suna sa sukari. Kaka ta ce sukari a nama ɓarna ce, amma kar in fassara.

Aka kawo wa Popo sabon kwano, fari irin namu. Ta barbaɗa dambu a kai, ta ajiye cokali a gefe, ta naɗe hannu. Joyce ta ce wai ba za ta ci kyautar baƙuwa ba alhali baƙuwar tana zaune tana kallo. In Kaka ba ta ci, ita ma ta fasa.

Kaka ta dubi tururin. Sannan ta ce, "Ni ban san tukunyar ba. Gidan da ake dafa wancan, wa ya san abin da ludayi ya taɓa?" Ta juyo gare ni. "In kina da baki, je ki gano mini tukunyar da idonki. Ba na son in ji an ce."

Kicin

Daga teburinmu zuwa tagar kicin bai fi tsawon falonmu ba, amma shi ne zango mafi nisa a tafiyar. Na ratsa tsakanin kujeru, ana bangaje ni da tire. Joyce ta so ta biyo ni, na ce ta zauna da tsofaffin, don in ta taso ba mai fassara musu.

A tagar, mutum uku suna aiki ba wanda yake ɗaga kai. Na yi magana, ko ni ban ji kaina ba. Na sake, wata mai kai abinci ta matsar da ni gefe da gwiwar hannu ta wuce. A makaranta in malama ta kira sunana sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tsaya nan ina kallon tururi, sai na tuna wata tsohuwa da ke gadon kusa da na Kaka a asibiti, da roba manne a hancinta da filasta. Na buɗe baki na ce, da Turanci, kakata ba ta da lafiya, ba ta cin alade, kuma ina so in ga tukunyar da aka dafa farin kunun.

Ashe da ƙarfi na faɗa. Har mai almakashin nan ta tsaya da yanka.

Mai dafa abincin, wani siririn mutum da tawul a wuya, ya dube ni, ya yi mini alama in zagayo ta ƙofa in tsaya a bakin. Tukwane biyu ne manya, kowace za ta ɗauki yaro. Ta hagu kununta ya ɗan yi ruwan ɗorawa, ƙashi yana leƙowa. Ta dama fari fat. Ya ce wannan shinkafa ce da ruwa da ɗan gishiri, ita ake ba jarirai da marasa lafiya da masu ibadar da ba sa cin nama. Na duba da kaina. Kowace tukunya da ludayinta, na farar an ɗaura masa jan zare a mariƙi, kuma ƙusar da ake rataye shi daban take. Na tambaye shi ko zai ɗauraye kwano da ruwan zafi ya zuba a gabana. Nan take ya yi. Da zai miƙo mini ya ƙara yankakkiyar citta a kai, ya ce tana buɗe ciki.

Na ɗauko kwanon da hannu biyu. Yana ƙona ni, amma ban ajiye ba, kuma wannan karon mutane suka riƙa matsa mini.

Kaka ta yi mini tambayoyi kamar alƙali. Tukunya nawa, wace ce kusa da wuta, ludayi ɗaya ne ko biyu, wa ya wanke kwanon. Na amsa duka, har jan zaren da ƙusar. Ta ce in dai ni na gani, to an gani. Popo ta miƙo hannu ta barbaɗa mata dambunta a kai. Kaka ta gyara zama ta yi bismillah.

Ban kalli bakinta ba, don na san in ta ga ana kallo za ta daina. Awarwaron na riƙa kallo, yana sauka yana hawa. Popo ta ɗauki cokalinta. Kular ta fara zagaya teburi: dattijo mai jarida ya ɗiba, mai jegon ta ɗiba, mijinta ya ɗiba ya sha ruwa kofi biyu. Kaka tana ci tana ba da umarni, wai in ƙara wa mai jego, ita ce mai buƙata. Daga teburin baya wata mata ta zo da cokalinta tana tambaya ko sayarwa ake yi. Da na fassara, Kaka ta yi dariya har ta yi tari. Ta lura in an zuba wa mutum shayi yakan ƙwanƙwasa teburi da yatsu biyu, godiya ke nan. Da Popo ta zuba mata, ita da tafin hannu gaba ɗaya ta buga.

Da na duba, cokalinta yana kankare gindin kwano. Ta ce kunun ba laifi, sai dai ya so ɗan tsamiya. Popo ta raba nata kwano na biyu ta zuba mata rabi, Kaka ta kuma shanye.

Da za mu tashi, Popo ta juye sauran dambun a leda ta cusa a jakarta, ta aika da kular kicin. Aka dawo da ita a wanke, cike da farin kunu, mai tawul ɗin da kansa ya kawo ya nuna mini ludayin jan zare. Popo ta ɗora kular a cinyar Kaka.

"Kin ga matar nan," in ji Kaka, "ta san abin da take yi. Yanzu kwanon ya sake dawowa kaina."

Komawa gida

Mama ta zo ɗaukarmu kai tsaye daga aiki, da kayan asibiti a jikinta, idonta ja don barci. Muna shiga mota ta tambaya ko an mayar da kwanon lafiya. Kaka ta ce an mayar, ga shi kuma ya biyo mu. Sannan ta ce, "'Yarki ta shiga kicin ɗin mutane ta ɗaga musu murya, har mai almakashi ta saki aiki." Mama ta dube ni ta madubi, ta ce wace 'yar tata. Na ce Kaka ta sha kwano ɗaya da rabi.

Danja ta ba mu hannu, amma Mama ba ta tashi ba sai da na baya ya yi mata hon.

A hanya Kaka ta sa aka tsaya a shagon naman halal, ta zauna a mota tana aika Mama: cinya, ba kitse, kuma kar a bari su niƙa. Daga nan muka kama hanyar kudu. Da rana hanyar daban take, ganyen bishiyoyi ja da ruwan goro, ƙwarangwal ɗin nan ma da aka gan shi da haske ba wani abin tsoro. A nan ne na gaya wa Mama abin da na lura da shi, cewa Kaka ba ta iya cin abinci ita kaɗai. Kaka ta ce wa ya tambaye ni, amma ba ta ce ƙarya ba ne. Kafin azahar muka iso gida.

Da yamma Mama ta shimfiɗa tabarma a falo, muka ɗumama kunun muka ci a kwano ɗaya mu uku. Ranar Lahadi Abba ya dawo, Anti Rifkatu ta shigo bayan coci, hannu biyar a tire. Ranar Litinin aka ɗora Kaka a sikeli. Ba ta ƙaru sosai ba, amma ba ta ragu ba, likita ya ce ba maganar gado, a ci gaba da duk abin da ake yi.

Mun gode Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Anti Rifkatu, da direbar da ta sunkuyar da motarta, da Joyce da ta yi ta fassara, da mai tawul da ya bar ni na leƙa tukunyarsa. Popo kuwa Kaka ta ce godiyarta ba ta baki ba ce. Yanzu haka kular tana kife a kicin, naman ya dahu, an fito da turmi gareji. Ni nake daka don Kaka ba ta da ƙarfi tukuna, ita tana kan kujera da rigar sanyin Abba tana gyara mini riƙon taɓarya. Duk juyi ɗaya sai ta miƙo yatsu uku ta tsakura. Ta ce in gaya muku gishiri take dubawa.